Karya dokar zalunci a bainar jama'a: me ya raba shi da laifi, kuma yana biyan buƙata?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A aji ana nanata mana cewa doka tana kan kowa, amma kuma sai in ji ana yabon su Gandhi da Martin Luther King, alhali karya doka suka yi da gangan har aka ɗaure su. Me ya raba su da sauran masu laifi? In kowa zai taka dokar da ba ta yi masa ba, ƙasa za ta zaunu kuwa? Sannan ni har yanzu ban yarda cewa wanda ba shi da ko sanda zai iya tanƙwara gwamnati mai bindiga ba.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Bari in fara da ta ƙarshe, don in ta warware, sauran biyun ba za su ba mu wuya ba.

Mutane da yawa sun ɗauka dabarar ita ce a yi ta shan duka ana haƙuri har zuciyar azzalumi ta yi laushi. Gandhi kansa yakan yi magana mai kama da haka, amma in ka bi abin da ya faru a tarihi, ba kasafai tausayi ke kawo sauyin ba. Abin da ke aiki daban ne. Babu dokar da ke zartar da kanta. Kafin doka ta taɓa mutum guda, sai ɗan sanda ya yarda ya kama shi, mai gabatar da ƙara ya rubuta tuhuma, alƙali ya zauna, gandiroba ya kulle ƙofa, akawu ya biya su duka albashi daga harajin da jama'a suka yarda suka bayar. Bayan wannan kuma, sai mafi yawan mutane sun bi dokar don kansu ba tare da an tsaya a kansu ba, domin babu gwamnatin da ke da jami'an da za su gadi kowa da kowa. Kurkukun kowace ƙasa an gina shi ne bisa lissafin cewa 'yan tsiraru ne za su saɓa. Ranar da dubbai suka saɓa tare, da rana tsaka, suka kuma miƙa hannu a sa musu ankwa, lissafin ya wargaje. In gwamnati ta ƙyale su, dokar ta mutu a tsaye. In ta kama su duka, ba ta da inda za ta zuba su. In ta dake su, ta daki wanda bai ɗaga hannu ba a idon duniya, har da idon jami'anta masu dukan. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma fa sai yawan ya iya riƙe kansa.

Duba maganar gishiri a Indiya. Tun 1882 akwai dokar da ta mallaka wa gwamnatin Turawan Ingila haƙƙin sarrafa gishiri da sayar da shi, da haraji a kai. Mutumin da ke zaune a bakin teku, gishiri na bushewa a gabansa, in ya ɗiba ya yi laifi. Lokacin da Gandhi ya ce da wannan doka za a fara, wasu manyan jam'iyyarsa ma sun ga abin kamar wasa: ana maganar 'yancin ƙasa, kai kana maganar gishiri? Amma zaɓin ya yi daidai. Doka ce da ta shiga tukunyar kowa, Musulmi da Hindu, mai kuɗi da matalauci. Ba ta buƙatar dogon bayani kafin a ga rashin adalcinta. Kuma kowa na iya karya ta da hannunsa, ko tsohuwa da kaskonta. Ranar 2 ga Maris 1930 ya rubuta wa Lord Irwin, wakilin Sarkin Ingila a Indiya, wasiƙa ya gaya masa abin da zai yi. Ranar 12 ga wata ya tashi a ƙafa daga Sabarmati da mutum 78, yana da shekara 60, suka yi tafiyar kimanin kilomita 385, suna yada zango ƙauye-ƙauye ana wa'azi, 'yan jarida na biye. Da safiyar 6 ga Afrilu, a gaɓar tekun Dandi, ya sunkuya ya ɗebi ƙasa mai gishiri. Iyakar laifin ke nan. Kafin shekara ta fita an ɗaure fiye da mutum 60,000.

Abin da ya fi girgiza mutane ya faru ne a watan Mayu a ma'aikatar gishiri ta Dharasana, bayan an riga an kama shi. Masu sa-kai suka riƙa tahowa sahu-sahu zuwa shingen waya, 'yan sanda na sauke musu gora a ka, babu mai ko kare fuskarsa da hannu. Sahu ya zube, a kwashe su, wani sahun ya matso. Wani ɗan jaridar Amurka, Webb Miller, yana wurin, rahotonsa kuma ya zagaya duniya. Sai dai kada ka ɗauka a nan aka gama. Yarjejeniyar da Gandhi ya yi da Irwin a Maris 1931 ba ta soke harajin ba, ta dai saki fursunoni ta kuma bar mazauna gaɓa su yi gishirin amfanin gidansu. 'Yanci bai zo ba sai 1947, bayan yaƙin duniya ya tsotse Ingila. Ribar 1930 ita ce talakan Indiya ya gane ana iya cewa a'a a kwana lafiya, ko a kwana a kurkuku a fito da daraja, Turawa kuma suka zauna teburi ɗaya da mutumin da suka ɗaure.

A wannan shekarar dai, a Peshawar, da ke Pakistan a yau, wani abu ya faru da ya fi nuna inda bindiga ke karyewa. Fatanawa, ƙabilar yankin, mutane ne da aka sani da yaƙi da ramuwar gayya, amma Khan Abdul Ghaffar Khan ya tara dubbansu, Musulmi, cikin ƙungiyar Khudai Khidmatgar, suka yi rantsuwa ba za su ɗauki makami ba, ba za su rama ba. Ranar 23 ga Afrilu 1930 sojoji suka buɗe wuta a kasuwar Qissa Khwani, aka kashe mutane da yawa. Amma wasu sojojin rundunar Garhwal, Indiyawa da ke aiki ƙarƙashin Turawa, da aka ba umarnin su yi harbi sun ƙi, suka gwammace kotun soja da ɗauri. Ka lura da wannan sosai. Bindiga ba ta harba kanta, kuma mai riƙe da ita yana da uwa da ƙanne. Sojan da ake jifa da dutse ko ake harbi ba ya tunanin adalcin umarnin da aka ba shi, ransa yake karewa, sai ya ƙara manne wa abokansa da kwamandansa. Wanda aka sa ya harbi mutanen da ke zaune hannu sake, shi ne ke kwana bai yi barci ba. A wurare da yawa da irin wannan gwagwarmaya ta kayar da gwamnati, kamar Filifin a Fabrairun 1986 ko Sabiya a Oktoban 2000, za ka tarar a ƙarshe jami'an tsaro ne suka ƙi bin umarni ko suka koma gefe.

Shi ya sa ƙin tashin hankali ba ado ba ne a wannan hanya, shi ne ƙashin bayanta. Tashin hankali filin gwamnati ne, a nan ta fi kowa horo da kayan aiki, kuma babu abin da take jira kamar a ƙona mota ɗaya ta samu hujja. Gwamnatoci da dama ma kan sako ɓata-gari cikin taro don su fara jifan. Sannan da zarar an fara ƙone-ƙone, tsofaffi da mata masu goyo da 'yan kasuwa da ma'aikata sai su koma gida, a bar samari kaɗai, yawan da ake taƙama da shi ya tafi. Gandhi ya san haka. A Fabrairun 1922, ana tsakiyar gwagwarmayar ƙin haɗa kai da Turawa, masu zanga-zanga a Chauri Chaura suka banka wa ofishin 'yan sanda wuta bayan an harbe su, 'yan sanda 22 suka mutu. Sai ya dakatar da gwagwarmayar baki ɗaya a faɗin ƙasar. Su Nehru, manyan jam'iyyarsa, sun ji haushi ƙwarai, har yau kuma masana na jayayya ko ya yi gaggawa. Ni ina ganin ya fahimci abin da su ba su fahimta ba a lokacin, cewa jama'ar ba ta horu ba tukuna.

Akwai alƙaluma a kan wannan. Wasu masu bincike biyu, Erica Chenoweth da Maria Stephan, sun bi manyan gwagwarmayoyi 323 tsakanin 1900 da 2006, na kayar da gwamnati ko korar 'yan mamaya ko ɓallewa. Na lumana sun yi nasara kashi 53 cikin 100, na makami kashi 26. Babban dalilin da suka gano shi ne yawan masu shiga. Amma ka karanta adadin da kyau: kusan rabi ba su kai gaci ba. Chenoweth kuma ta nuna daga baya cewa tun wajen 2010 nasarar ta ragu, don gwamnatoci ma sun koyi darasi.

Horon nan da nake ta ambata, ba a maganarsa sosai saboda ba shi da armashi a hoto. A Nashville ta Amurka, tun 1959 wani matashin limamin coci, James Lawson, yake tara ɗalibai baƙaƙen fata da 'yan farare kaɗan yana koya musu yadda za su zauna a teburan cin abinci na manyan kantuna, inda aka hana baƙaƙe zama. Sai a raba su biyu, wasu su zauna, wasu su zama masu cin zarafi: a zage ka, a zagi iyayenka, a busa maka hayaƙin taba a fuska, a fizgo ka daga kujera. Ana koya maka yadda za ka dunƙule ka kare kanka in an kayar da kai, da yadda abokanka za su rufa a kanka a raba dukan. Wanda ya ga ba zai iya daurewa ba, ba a kore shi, sai a ba shi wani aikin, tuƙi ko kai saƙo ko lura da abin da ke faruwa daga nesa. Da suka fara zaman dirshan a Fabrairun 1960, sun je da tsabtatattun kaya da littattafansu, da rubutattun ƙa'idoji a aljihu: kada ka rama, kada ka yi zagi, kada ka tare hanya, ka zauna a miƙe kana fuskantar teburi. 'Yan sanda suka kwashe sahun farko, kafin su juyo wani sahun ya cike kujerun. Da aka yanke musu tara, da yawa suka ce ba za su biya ba, a kai su gidan yari. Zuwa 10 ga Mayu kantunan suka fara ba baƙaƙe abinci a teburi ɗaya da farare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka birnin Montgomery na Amurka. Labarin da aka fi bayarwa shi ne wata mata ta gaji ta ƙi tashi ta ba farar fata kujerar bas ranar 1 ga Disamba 1955. Matar kuwa, Rosa Parks, sakatariyar reshen NAACP ce a garin, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, ta daɗe cikin harkar. A daren da aka kama ta, wata malamar kwaleji, Jo Ann Robinson, ta kwana tana buga dubban takardun kira a ƙaurace wa bas. Ƙauracewar ta ɗauki kwana 381, kuma abin da ya riƙe ta shi ne motocin sa-kai kusan 300 da aka tsara musu tashoshi da lokuta suna kai mutane aiki, da kuɗin mai da ake tarawa a coci, da ƙafafun mata masu aikatau da suka yi ta taka sayyada. An jefa bam gidan King, jagoran ƙauracewar, a ƙarshen Janairun 1956, ya fito ya ce wa taron da ya fusata kowa ya mayar da makaminsa gida. Duk da haka, abin da ya rufe maganar hukuncin kotu ne. Wani lauya ɗan shekara 25, Fred Gray, ya shigar da ƙara a kotun tarayya da sunan wasu mata huɗu, cikinsu har da Claudette Colvin, yarinyar da aka kama kan irin wannan laifi wata tara kafin Parks. Ranar 13 ga Nuwamba 1956 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa wariya a bas ta saɓa wa kundin tsarin mulki, a daidai ranar da hukumar garin ke kotu tana neman a haramta motocin sa-kan. Titi da kotu tare suka yi aikin, ɗaya bai wadatar ba.

Yanzu ga inda shakkarka take da gaskiya. Hanyar tana faɗuwa, kuma ta fuska biyu.

Ta farko, in aka haɗu da mai wayo. A Albany ta jihar Georgia, 1961 zuwa 1962, shugaban 'yan sanda Laurie Pritchett ya zauna ya nazarci dabarar. Ya hana yaransa duka a gaban kyamara, ya shirya da garuruwan kewaye su ba shi aron kurkukunsu don kada nasa ya cika, da King ya zaɓi ɗauri maimakon tara kuma, sai aka sa wani ya biya a ɓoye aka fito da shi. Gwagwarmayar ta yi sanyi ba a samu abin kirki ba. King ya ce kuskurensu shi ne sun tunkari wariya gaba ɗayanta maimakon su kama abu guda. Shekara mai zuwa a Birmingham suka gamu da Bull Connor, kwamishinan tsaron birnin, wanda ya saki karnuka da mesar 'yan kwana-kwana a kan 'yan makaranta, hotunan suka cika jaridu, dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta biyo baya. Akwai abin da ba shi da daɗin faɗa a nan: masu tsara abin sun san halin Connor, sun kuma san yara za su fito. An soke su a kan haka a lokacin, kuma sukar ba ta banza ba ce.

Ta biyu, in aka haɗu da wanda bai damu da kunya ba. A Afirka ta Kudu, daga 26 ga Yunin 1952, fiye da mutum 8,000 suka miƙa kansu aka kama ta hanyar shiga wuraren da aka keɓe wa farare da karya dokar hana fita. Gwamnati ta amsa a 1953 da dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 3 da bulala 10 ga duk wanda ya karya doka da nufin nuna adawa. A Sharpeville, 21 ga Maris 1960, mutane suka je ofishin 'yan sanda ba tare da takardar fas da aka tilasta wa baƙaƙe ɗauka ba don a kama su, aka harbe 69, da yawa ta baya. Aka haramta ƙungiyoyin yaƙi da wariya, ANC da PAC, shekara mai zuwa Mandela da abokansa suka kafa reshen makami. A dandalin Tiananmen na ƙasar Sin, Yunin 1989, tankoki suka shiga don tarwatsa masu zanga-zanga. A Sudan zaman dirshan a gaban hedikwatar soja ya kawar da Al-Bashir ranar 11 ga Afrilun 2019, amma a ranar 3 ga Yuni aka tarwatsa masu zaman da harsashi, sojoji suka sake ƙwace mulki a Oktoban 2021, yaƙi ya ɓarke a 2023. Duk wanda ya ce maka hanyar nan tabbas ce, ko babu mutuwa a cikinta, ba gaskiya ya gaya maka ba.

Sai dai ko a gaban marasa imani takan yi aiki in aka taɓa abin da ba za su iya yi da kansu ba. A Norway, 1942, ƙarƙashin mamayar Jamus, gwamnatin Quisling, ɗan koren Jamusawa, ta tilasta wa malaman makaranta shiga ƙungiyar 'yan Nazi su koyar da aƙidarta. Mafi yawansu suka aika da wasiƙa iri ɗaya, kowa da sa hannunsa, cewa ba za su yi ba. Aka kama sama da 1,000, aka tura kusan rabinsu aikin wahala a Kirkenes can ƙuryar arewa. Sauran ba su janye ba, shirin ya ruguje. Ana iya harbe malami, amma ba a iya sa bindiga ta koyar da aji.

To, me ya raba su da mai laifi? Ɓarawo yana so dokar hana sata ta ci gaba da aiki a kan kowa ban da shi, don in babu ita, shi ma za a sace nasa. Shi ya sa yake ɓuya, yake musu, yake gudu. Mai bijire wa dokar zalunci yana so a sauya dokar ga kowa, don haka yakan sanar, ya yi a fili da sunansa, bai cuci kowa ba, ya tsaya a kama shi. A shari'ar da aka yi wa Gandhi a Maris 1922, ya amsa laifinsa, ya ce wa alƙali ko dai ya ajiye aiki in ya yarda dokar zalunci ce, ko ya yanke masa hukunci mafi tsanani. Aka ba shi shekara 6. Muhammad Ali ya ƙi amsa kiran shiga soja ranar 28 ga Afrilun 1967 lokacin yaƙin Biyetnam. Bai tsallaka iyaka ba kamar yadda wasu suka yi. Aka ƙwace kambunsa, aka yanke masa shekara 5 da tarar dala 10,000, ya rasa fiye da shekara uku na ganiyar ƙarfinsa yana ɗaukaka ƙara, har Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 1971. Wanda ya yi haka bai raina doka ba. Ya amince cewa al'umma na da ikon hukunta shi, yana dai tilasta mata ta dube shi ido cikin ido kafin ta yi.

Ka kuma sani, a gaban alƙali kyakkyawar niyya ba ta wanke mutum. Kotu tana tambaya ne ko ka aikata, kuma ko da sani ka aikata. Dalilinka na iya sa a sassauta hukunci, ko ya buɗe ƙofar ƙalubalantar dokar kanta bisa kundin tsarin mulki, amma ba kasafai yake hana a same ka da laifi ba. Umarnin kotu ma ya fi doka wuyar taɓawa. King ya yi jerin gwano a Birmingham duk da umarnin kotu na hana shi, kuma a 1967 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce ko da umarnin na da aibu, kotu ya kamata ya koma ya ƙalubalance shi. Ya koma kurkuku ya yi kwanakinsa, shekara uku bayan an ba shi kyautar Nobel.

Tambayarka ta tsakiya ita ce mafi nauyi, kuma bai kamata a yi mata amsar ganin dama ba, domin masu goyon bayan wariya ma sun ce lamirinsu suke bi. Gwamna Ross Barnett na Mississippi ya ƙi bin umarnin kotu a 1962 na a ɗauki James Meredith, ɗalibi baƙar fata, a jami'a, rikicin da ya biyo baya ya ci rai biyu. Ashe jin cewa kana da gaskiya bai isa ba. A wasiƙar da King ya rubuto daga kurkukun Birmingham a Afrilun 1963 ya kawo ma'aunai da har yanzu ban ga waɗanda suka fi su ba. Shin masu rinjaye sun ɗora wa wasu dokar da su kansu ba za su yarda ta hau kansu ba? Shin waɗanda dokar ta shafa an bar su sun yi zaɓe, an ji ta bakinsu? Shin dokar lafiya lau take a takarda amma ana amfani da ita don danne haƙƙi, kamar dokar neman izinin jerin gwano da ba a taɓa ba wasu izinin? In ka auna Barnett da waɗannan, ya faɗi tun a na farko, ga shi kuma mai mulki ne yana amfani da kujerarsa, bai shirya kwana a kurkuku ba. Dokar da kawai ta takura maka, ko harajin da kake ganin ya yi yawa amma kowa na biya, kuma kana da ƙuri'a da kotu da jarida, ba ta shiga wannan sahu ba. A nan sai ka bi, ka yi ƙorafi, ka nemi a gyara. Sharaɗi ne a fara ƙure hanyoyin da doka ta buɗe, ko a nuna cewa an toshe su da gangan.

Tsoron cewa kowa zai kwaikwaya kuwa, karɓar hukunci ne maganinsa. Mutane ƙalilan ne za su yarda su rasa aiki su kwana a bayan kanta saboda dokar da ba ta kai ta kawo ba. Tsadar abin ita ke tace shi. Kuma mutum ɗaya ba ya girgiza ƙasa: marubucin Amurka Henry David Thoreau ya ƙi biyan haraji don adawa da bauta da yaƙin Meziko, ya kwana ɗaya a kurkuku a 1846, wani ya biya masa, bauta ta ci gaba a Amurka har 1865.

Inda nake ɗari-ɗari shi ne karya dokar da ba ita ce matsalar ba, misali tare babbar hanya don adawa da wata manufa. Wani lokaci babu makawa, don ba kowace doka ce talaka ke iya karyawa da hannunsa ba. Amma gwargwadon nisan abin da ka karya da abin da kake kuka a kai, gwargwadon yadda jama'a za su daina ganin zaluncin su koma ganin ka. Mai gishiri bai hana kowa zuwa asibiti ba. Wanda ya tare hanya kuwa, wahalar a kan mutanen da yake neman goyon bayansu take sauka, kuma sai ya amsa tambayar motar marasa lafiya da ta maƙale.

Sharaɗin bayyana kai da karɓar hukunci shi ma yana da iyaka. Harriet Tubman ta yi ta komawa yankin masu bauta na ƙasar Amurka tana fitar da bayi cikin dare, tana karya dokar 1850 ta mayar da bawan da ya gudu, kuma babu mai hankalin da zai ce ta je ta kai kanta. A Oktoban 1943 mutanen Denmak suka ɓoye Yahudawansu daga 'yan Nazi, masunta suka tsallakar da fiye da 7,000 zuwa Suwidin a jiragen ruwa. Wannan ceton rai ne, manufarsa daban da ta jawo hankalin jama'a, asiri kuma shi ne rayuwarsa. Miƙa kai yana da ma'ana ne inda hukuncin ke da iyaka. Kafin mutum ya ce wa wasu su fito a kama su, ya wajaba ya bincika abin da ke faruwa da waɗanda aka kama a baya: ana rubuta sunayensu, ana kai su kotu a buɗe, lauya na ganin su, suna fitowa in wa'adinsu ya cika? In amsar a'a ce, sai a koma ga hanyoyin da ba sa tara mutane wuri ɗaya a gaban bindiga, irin su zaman gida, yajin aiki, jan ƙafa a wurin aiki, da ƙaurace wa kayan wanda ake jayayya da shi, inda babu wani mutum guda da za a nuna a ce shi ne ya ƙi fita ko ya ƙi saye.